Ragon Suna da Maharban Jami'a

Su uku suka sauka a ƙofar gidanmu da ke Gwange, farkon damina, shekarar da ta biyo bayan zuwan jirgin ƙasa Maiduguri. Kowannensu da wata doguwar jakar fata rataye a kafaɗa. Na ɗauka bindiga ce, har na kauce musu. Ashe baka ne. Baka fa, jama'a! Wato mijin ƙanwata ya bar gari shekara da shekaru, ya je jami'a can nesa, abin da ya rungumo ya kawo mana ke nan, ya kuma saka shi a jaka kamar wani kayan lefe.

Ni ce Yagana, babbar 'yar marigayi Babakura dillalin Kasuwar Shanu. Tun da mijina ya rasu na dawo gidanmu, ni ke riƙe da shi. Ƙanwata Zainaba ita ce matar Madu, ɗaya daga cikin ukun nan, kuma a wurina ta zauna duk tsawon karatunsa. Ranar da suka sauka tana ɗaki da jariri namiji, ko cibiyarsa ba ta faɗi ba.

Na biyunsu Kashim ne, wani dogo mai gashin baki siriri, wanda suke kira Kyaftin. Na ukun Pius, ɗan Onuora mai kantin yadi a kasuwa. Shi haifaffen garin nan ne, na san shi tun yana yawo da majina a hanci, yanzu kuwa ya rataya kyamara a wuya yana gaishe ni da hannu a aljihu. Dukansu sun gama jami'a a wannan shekarar, kuma dukansu manya ne a wani abu da suke ce wa kulob, na harbin baka, wanda wani Baturen malaminsu ya kafa. In ka ji suna maganar kulob ɗin nan sai ka rantse yaƙi suka je suka dawo.

Madu ya leƙa ɗaki, ya ɗauki ɗansa kamar an ba shi ajiyar ƙwai, ya ce ma sha Allah, ya mayar wa uwar. Kafin in sauke tuwo har sun shimfiɗa tabarma a zaure sun baje bakunkunansu suna goge su da wani mai mai ƙamshi. Na kai musu abinci, na tsaya ina kallo.

Na ce, "To, me kuka harbo a can duk shekarun nan?"

Kashim ya yi mini wani murmushi irin na mai yi wa yaro bayani. Ya ce, "Yaya, namu ba irin na 'yan ƙauye ba ne. Faifai ake kafawa, na ciyawa, da zane a jiki. Wanda ya sami tsakiya shi ya ci."

"Ciyawa?"

"Ciyawa, Yaya. Ilimi ne babba."

Na ce, "Allah ya ƙara ilimi."

A nan na ji damuwarsu. Wai kulob ɗin yana da al'ada. Duk wanda ya zo shekarar ƙarshe, kafin ya rataye bakansa ya shiga aikin gwamnati, sai ya harba abin da suke kira kibiyar sallama, kuma dole kibiyar ta taɓa jinin naman daji. A ɗauki hoto a aika wa ƙananan kulob. Wanda bai yi ba, ƙananan za su riƙa kiransa maharbin ciyawa har ya mutu. Su ukun nan sun gwada a dajin da ke bayan jami'arsu ba su sami ko ɓera ba, sai suka cika wa yara baki cewa Barno ce gidan namun daji, su jira hoto.

Kullum da safe sai su hau kekunan aro su nufi Khaddamari. Kullum da la'asar su dawo, wando duk ƙarangiya, hannu rabbana. Yau iska ce ta hana, gobe zabin ne suka cika wayo, jibi manoma ne suka kore su daga gona. Ran nan Pius ya dawo da kwari rabi, sauran kibau sun ɓace a ciyawa. Ni kuwa in dafa, in kai, su cinye, su zauna suna gardamar wa ya fi kusa da samun zomo. Madu bai taɓa tambayata ko da akwai itacen ruwan wankan matarsa ba. Raina ya ɓaci ƙwarai, amma na haɗiye saboda Zainaba.

Abin da ya sa ban damu da shirin suna ba, muna da rago. Ba kuma kowane rago ba ne. Ana gab da rasuwar Baba, bayan auren Zainaba da 'yan watanni, ya dawo daga kasuwa da ɗan balami fari sol a kafaɗar wani makiyayi, ya sa aka ɗaure shi a gindin darbejiyar tsakar gida. Ya kira ta, ina tsaye, ya ce, "Zainaba, ga amanarki. Ki kiwata shi da hannunki. Ranar da Allah ya ba ki namiji, shi za a yanka, ki mayar mini da sunana." Baba bai haifi namiji ba, mu biyu ne kawai, ni kuma Allah bai ba ni haihuwa ba. Wannan maganar ita ce wasiyyar da ya bari.

Zainaba ta riƙe ta da gaske. Da tsohon ciki take tashi ta dama masa dusa da kanwa, ta wanke shi da sabulu, ta cire masa kaska ɗaya bayan ɗaya. Ragon ya girma ya kai ƙugun mutum, ƙahonsa ya murɗe, amma hali kamar kyanwa. Da ya ji an buga ƙwaryar dusa zai taho. Sallah babba ta zo ta wuce, mutane suka yi ta zuwa suna roƙo a sayar musu, ta ce ko kallonsa kada su yi. Madu ma ya san da maganar, ya kuma yarda tun da farko cewa yaro Babakura za a sa masa.

Ranar suna, gari na wayewa, maza suka fara cika tabarmi a ƙofar gida. Liman ya iso, an fito da goro. Ina madafa ina fama da tukwanen shinkafa sai na hango maharban nan sun shigo tsakar gida cikin wasu baƙaƙen riguna masu faɗi, da huluna kamar an kifa musu faranti a ka, ga kwari a baya, ga baka a hannu. Rigar gama karatu ce wai. Sun kewaye ragon, Pius yana ta gyara kyamara.

Na ji Kashim yana cewa, "Igiyar nan za ta ɓata hoton. Kwance shi, Madu."

Na ɗaga murya na ce, "Kada wanda ya taɓa igiyar nan!"

Madu ya ce, "Haba Ya Yagana, yanzu za mu mayar. Ai ba ya gudu."

Gaskiya ne ba ya gudu. Amma bai taɓa ganin ƙartai uku cikin baƙin mayafi suna kaɗa masa hannun riga a fuska ba. Yana jin wuyansa sake, Kashim ya buɗe hannuwa zai dafa shi, rigar ta bazu, rago ya zabura. Ya ture Pius, ya bi ta ƙofar baya da masu kawo ruwa suka bari a buɗe, ya fice.

Ban tsaya zagi ba, don zagin yana nan yana jiransu. Na suri ƙwaryar dusa, na ja mayafi, na bi lungu. Su ma suka biyo ni da gudu, riguna na tashi, huluna na faɗuwa. Na juya na ce musu su koma, ni kaɗai na isa. Wa ya ji ni?

A bakin kogi na same shi. Ruwa bai kawo ba tukuna, sai ɗanyar ciyawa da ta tsiro a gaɓa, ga shi can ya sunkuya yana ci hankalinsa kwance. Na tsaya na buga ƙwarya. Ya ɗago kai. Na sake bugawa, ya juyo, ya fara tahowa yana kaɗa bindi.

Sai na ji muryar Kashim a bayana, ƙasa-ƙasa. "Ku tsaya. Ku dubi wurin nan. Ga ciyawa, ga kogi, babu gida ko ɗaya da zai fito a hoto. Dabbar da ta tsinke ta shiga jeji ai ta zama naman daji."

Pius ya yi dariya ya ce, "Kyaftin, rago ne fa."

"Yau ɗin nan za a yanka shi ko ba yau ba? To mene ne bambanci? A ƙafa za mu same shi, ya faɗi, mu ɗauki hoto, mu kai shi gida a yanka. Daga nesa wa zai ce ba gada ba ce?"

Na waiwaya. Wallahi na zaci wasa suke. Na ga su ukun sun jeru, kowa ya ɗana kibiya, sun karkace ƙugu irin yadda Baturensu ya koya musu. Na ce, "Madu! Kai Madu! Ragon sunan ɗanka ne!"

Ya dube ni, ya dubi Kashim. Kashim ya ce wata kalma da Turanci. Suka saki.

Ɗaya ta faɗi a gabana, saura ƙiris ta sami ƙafata. Ɗaya ta wuce can cikin yashi. Ta ukun ta shige wa ragon bayan kafaɗa, ta nutse. Mutanen da suka kasa samun zabuwa a dajin Khaddamari, yau Allah ya ba su sa'a a kan dabbar da ke tahowa cin dusa. Ya yi wani kuka da ban taɓa jin ya yi ba, ya durƙusa da ƙafafun gaba, ya kife.

Madu ya yi tsalle. Da idona na gani, ya yi tsalle yana ihu, "Tawa ce! Koren gashi, tawa ce!" Ashe kowannensu da launin gashin da ke gindin kibiyarsa.

Kashim ya ce, "Ƙarya kake. Jiya na ari korayenka biyu, wannan daga bakana ta fita."

"Kyaftin, ka ji tsoron Allah. Taka ga ta can a yashi."

Ni ina durƙushe, na ɗora kan ragon a cinyata, jini na fitowa ta hancinsa da kumfa. Na ce, "Wuƙa! Ku ba ni wuƙa, ku zo ɗayanku ya yanka kafin rai ya fita!"

Suka tsaya suna kallon juna. Suka shafa aljihu. Maharba uku, masu digiri, sun yi ta zuwa daji farauta, babu mai ko askar yankan farce a jikinsa. Kashim yana da mataji. Madu yana da alƙalami.

Na yi wa Pius tsawa, ya ajiye kyamara ya ruga cikin unguwa neman wuƙa. Shi kaɗai ya motsa. Sauran biyun suka matso suka tsaya a kaina, Kashim yana cewa a zare kibiyar, Madu yana cewa a'a a bari tukuna a ɗauki hoto da ita. Ragon ya shure ƙafa, ya sake shurewa, ya miƙe. Idonsa ya kafe. Na sa hannu a hancinsa, na sa a ƙirjinsa, shiru. Na zauna a yashi na yi kuka, ba na kuma jin kunyar faɗa, don Baba na tuna da ranar da ya shigo da shi.

Can sai ga Pius da wuƙar wata mai tuyar ƙosai, yana haki. Ya dubi ragon, ya dube ni, ya miƙa wa Madu wuƙar.

Na ce, "Mayar mata da abarta. Ya mutu."

Babu wanda bai san hukuncin ba a cikinsu, har Pius da ba addininsa ba ne. Dabbar gida in ta mutu ba yanka, mushe ce, ko da kibiyar zinariya aka harbe ta. Nan take Kashim ya ja da baya, ya fara kaɗe rigarsa. Ya ce, "Madu, ai ka ce taka ce. Koren gashi. Mu duka mun ji."

Madu ya tsuguna. Ya zare kibiyar ya jefar, ya juya ragon ya fuskantar da shi gabas, ya yi bisimilla, ya ja wuƙa a wuyan gawa. Jini ya ɗan tsatso baƙi, ya tsaya. Ya shafa shi a farin gashin wuyan don ya yi yawa.

Ya ɗago ya ce, "Ya Yagana, ki rufa mini asiri. Za mu ce ya faɗa kan ƙarfe ya ji ciwo, muka same shi da rai muka yanka. Liman na zaune, manyan gari na zaune, wanda zai ba ni aiki ma yana nan. Don Allah."

Na ce, "Mushe za ka ciyar da Liman?"

"Ba wanda zai sani."

"Mushe za ka ba maijego ta ci, ta shayar da ɗanka?"

Kashim ya sa baki. "Yaya, waɗannan duk camfi ne. Nama nama ne. A kimiyyance..."

Na miƙe, na watsa masa dusar da ke cikin ƙwarya a fuska. Ta manne masa a gashin baki. Na kama hanyar gida, na bar su suna shawarar yadda za su ɗauki ragon ba tare da jini ya taɓa musu riga ba.

Ta ƙofar baya na shiga. Zainaba na zaune a bakin gado, an yi mata lalle, ta sha sabon zane, yaron na cinyarta. Mata sun cika ɗaki. Tana ganin jini a zanena ta ce su ba mu wuri. Na gaya mata komai, ban rage ba, ban ƙara ba. Na zaci za ta yi kururuwa. Ba ta yi ba.

Ta ce, "Shi ya harba?"

"Su duka suka harba. Tasa ce ta samu."

"Kin gaya masa ragon wa ne?"

"Na gaya masa, Zainaba. Ya ji ni."

Ta dubi fuskar yaron. Daga waje muna jin hayaniya, an iso da ragon, Madu yana ba da labarin ƙarfe, maza suna cewa to madalla da aka same shi da rai, Allah ya tsare.

Ta ce, "Yaya, je ki gaya wa Liman gaskiya. Kada kowa ya ci."

"Zan gaya masa ko ba ki ce ba."

"Ki kuma ce masa ya zaɓa wa yaron wani suna."

Na ce, "Ke! Suna ai ba sai da rago ba. A sa masa Babakura yau, a yanka wani daga baya. Wa zai hana?"

Ta girgiza kai. Sai a lokacin hawaye suka zubo mata. Ta ce, "An riga an ja wuƙa da niyyar sunan yaron nan. Duk Gwange za ta ce Babakuran da aka yi wa suna da mushe. Ba zan yi wa Baba haka ba. In Allah ya ba ni wani namijin, zan kiwata wani da hannuna, in mayar masa da sunansa da tsarki."

Na roƙe ta, na yi faɗa, na ce tana hukunta Baba ne a kan laifin wawaye. Ta ce in je kawai.

Na tsaya a bayan ƙyauren zaure na yi sallama da ƙarfi. Maza suka yi tsit, don ba a saba jin muryar mace a nan ba. Na ce, "Allah gafarta Malam, ragon nan mushe ne. Da kibiya aka kashe shi, bayan ya mutu aka ja wuƙa. A cinyata ya cika. Uwar yaro kuma ta ce a zaɓa masa wani suna, ta janye na mahaifinmu."

Ta tsagar ƙyaure ina hango su. Liman ya tashi ya je ya ɗaga ƙafar ragon, ya ga hudar, ya dubi wuyan, ya saki. Bai yi faɗa ba. Ya tambayi Madu ko haka ne. Madu ya sunkuyar da kai, hular farantin nan tana hannunsa. Kashim kuwa tuni ya sulale, sai bayan rigarsa na hango tana shan kwana. Pius ya zauna a gefe ya rufe fuska da tafin hannu.

Liman ya koma ya zauna, ya ce a ja gawar a kai bayan gari. Ya ɗaga hannu ya yi addu'a, ya ce sunan yaro Musa. Aka shafa, aka raba goro. Maƙaryaci ne kawai zai ce ba a ci abinci a gidanmu ran nan ba, amma gaya ne, shinkafa da miyar da babu nama. Mutane suka ci da sauri suka watse.

Dukansu sun sami aiki, ka ji abin haushi. Kashim har mota aka ba shi, in ya gan ni a hanya sai ya ɗaga mini hannu ta taga, ni kuwa in tofar da yawu. Madu ya sayo wani rago bayan kwana biyu aka yanka, Zainaba ba ta sa naman a baki ba. Ta koma ɗakinsa bayan ta gama wankan jego, ta zauna da shi, ba ta sake ɗaga maganar ba ko sau ɗaya.

Da ta sami ciki na biyu ta sa aka sayo mata ɗan balami, ta kiwata shi da hannunta. Ta haifi mace. Ta sake kiwata wani, ta sake haifar mace. A ta ukun, macen ma, ungozoma ta ce mahaifa ta taɓu, daga nan haihuwa ta tsaya mata. Musa ya girma, yaron kirki, ya ɗauko Baba har tafiyarsa. Wata rana yana ɗan saurayi ya tambaye ni me ya sa duk zuriyarmu babu mai sunan kakansa. Na ce ya je ya tambayi ubansa.